Shaidar da Na Bayar a Kan Baturen Sito

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman da na yi a Riyad, wasu ma yanzu sai an tuna mini. Amma akwai guda ɗaya da ba zai fita daga raina ba har ranar da zan koma ga Mahaliccina. Yau ya fi shekara ashirin da faruwa, sai dai ban taɓa ba da labarinsa daga farko har ƙarshe ba sai yanzu.

Lokacin kuɗin man fetur ya buɗe wa Saudiyya, duk inda ka duba a Riyad rusawa ake yi ana ginawa. Ni direba ne a wani kamfanin gine-gine na Turawan Ingila da suka haɗa gwiwa da wani Balarabe. Shi ne kafilinmu, wato mai tsaya mana a ƙasar, fasfo ɗin kowa yana cikin akwatinsa, har na Turawan, kuma ba mai fita ƙasar sai da sa hannunsa. Sansanin kamfanin yana kan hanyar Dir'iyya, ni kuwa a unguwar Jaradiyya nake kwana, mu huɗu a ɗaki ɗaya.

Garin babu gidan silima. Saboda haka duk ranar Alhamis bayan la'asar Turawan kan taru a ɗakin cin abinci, a toshe tagogi da barguna, a haska musu majigi a jikin bango. Finafinan a gwangwanaye suke zuwa daga ƙasarsu. Da mai haska musu ya gama kwantiraginsa ya tafi, sai aka koya mini, don an ga ba ni da garaje. Ban iya karatu ba, ko na boko ko na ajami, Turancina kuma bai wuce na tsaya da tafi ba, amma hannuna ya iya zura zaren fim a inji ba tare da ya tsinke ba.

Yawancin finafinan ba na waƙa da rawa ba ne irin na Indiya da na saba gani a Kano. Na labarin ƙasarsu ne. Wata rana a nuna sarauniyarsu cikin keken doki na zinariya, sojoji da dogayen huluna na gashi suna tsaye kamar an dasa su. Wata rana a nuna masu haƙar kwal sun fito daga rami baƙi ƙirin, ko tsofaffi suna kwana ƙarƙashin gada cikin sanyi. Wata rana kuma na 'yan sanda da ɓarayi.

Akwai wani dattijo, kukun sansanin, mutumin Kaduna, wanda ya yi wa Turawa girki tun kafin a haife ni. Shi kan tsaya a bakin ƙofa da butar shayi yana kallo. Na taɓa tambayarsa ko wannan ma wasa ne.

Ya ce, "Wane irin wasa, ɗan nan? Wannan matar ni na gan ta da idona a Kaduna ta wuce a mota tana ɗaga hannu. Ita ce, ko hancinta bai canza ba. Waɗannan finafinan gaskiya ne, abin da ya faru shi suke ɗauka."

Na ce, "To Baba, har da Turawan da ke kwana a titi?"

Ya ce, "Wannan kam ni ma ya ɗaure mini kai. Amma tun da sun nuna, akwai su."

Daga ranar na riƙe wannan magana: duk abin da ya fito a bangon nan ya faru.

A cikin Turawan akwai mai kula da sito, dogo siriri, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Ni nake kai shi kasuwa da filin jirgi ɗauko kaya. Mutum ne mai sauƙin kai. Ya tsinci Larabci kaɗan, yakan kira ni "sadiƙ", wato aboki, in muka tsaya shan ruwa shi yake fara miƙo mini. A lokacin yana ta shirin zuwan matarsa da 'yarsa, takardunsu suna hannun kafili.

Wata Alhamis shi da kansa ya kawo mini gwangwani, yana ta murmushi, ya ce wannan za a fara sawa. Na zura, na kunna. Fim ne na 'yan sanda. Aka nuna wata unguwa mai gidajen jan bulo, aka nuna ɗan sanda yana bayani. Can sai ga wani mutum da jakar kayan gyara ya ƙwanƙwasa ƙofar wata tsohuwa. Wani farin rubutu ya fito a ƙasan hoton ya ɓace. Tsohuwar ta buɗe, ya shiga, ta juya za ta haɗa masa shayi, sai ya zaro ƙarfe daga jaka ya maka mata a kai. Ya kwashe abin da ke cikin akwatinta, ya juyo zai fita, fuskarsa ta cika bangon.

Baturen sito ne. Ya fi ƙuruciya, gashinsa ya fi yawa, amma shi ne, har ɗingishin.

Abin da ya ƙara ba ni tsoro shi ne Turawan. Tafi suka ɗauka, wani yana fito, wani yana dukan kafaɗarsa, shi kuma ya miƙe ya ɗan rusuna musu yana dariya. Na dubi bakin ƙofa, na ga Baba kuku ya saki baki, shayi yana zuba a ƙasa bai sani ba. A ƙarshen fim ɗin aka nuna hoton wani ƙato mai sanƙo da rubutu a ƙasansa. Na ɗauka alƙalin garin ne.

Da aka watse Baba ya ja ni bayan kicin. Ya ce, "Ka ga abin da na gani?"

Na ce, "Na gani, Baba."

"La'ilaha illallahu. Mutum ya kashe sa'ar kakarsa, ya gudo nan, 'yan'uwansa suna yi masa tafi. Kuma kai ne kake shiga daji da shi ku biyu."

Ni ba mai yawan magana ba ne, ko a lokacin. Mutum ɗaya na faɗa wa, abokin kwanana, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma na ce ya riƙe a cikinsa. Shi ma mutum ɗaya ya faɗa wa. Kafin ranar Lahadi leburorin sansanin, 'yan Yaman da 'yan Pakistan da namu, ba wanda bai ji ba, har an ƙara cewa tsofaffi uku ne. Ranar Litinin direban kafili ya zo ya ce maigidansa yana nemana.

Na same shi a ofis yana jan carbi, an ajiye masa gahawa da dabino. Bai ce in zauna ba. Da Larabci ya tambaye ni, "Kai ka gani da idonka, ko ji ka yi?"

Na ce, "Da idona, Allah ya ja zamaninka."

"Za ka rantse a gaban hukuma?"

Na ce zan rantse. Kuma wallahi da an kawo Alƙur'ani a lokacin da na dafa, ba tare da gabana ya faɗi ba.

Nan take ya aika aka karɓe makullan sito daga hannun Baturen, aka ce ya zauna a ɗakinsa kada ya fita daga sansani. Takardun matar Baturen ya tura su gefe. Manajan Turawan ya tafi Jidda, sai ranar Asabar zai dawo, kafili kuma ya ce ba zai saurari kowa a cikin sauran ba, tun da su ne masu tafin. Ya ce ranar Laraba zai kai maganar gaban shurɗa, wato 'yan sandan ƙasar. Wanda ya zauna a can ya san abin da wannan ke nufi. Shiga hannunsu ba wuya, fitowar ce sai wanda Allah ya taimaka.

Ranar Talata da rana na wuce ta gaban ɗakinsa. Yana zaune a kan matakala, ya ɗago mini hannu ya ce, "Sadiƙ, me ya faru? Ba wanda ya gaya mini komai." Na yi kamar ban ji ba.

Da yammacin ranar, bayan sallar la'asar a masallacin unguwarmu, wani malamin asibiti ɗan Zariya ya tare ni. Yana aikin kwantiragi a wani asibiti a garin, kuma ya yi karatu a Ingila. Labarin ya iso masa.

Ya ce, "Malam direba, an ce kai ka kama mai kisan kai a majigi?"

Na ce, "Haka Allah ya nufa, Likita."

"To ina da tambaya ɗaya. Lokacin da yake dukan tsohuwar, wa ya riƙe kyamara?"

 Kwana biyar ina juya abin a raina, wannan tambayar ba ta taɓa zo mini ba.

Ya ce, "Mutum yana tsaye yana ɗaukar hoto ana kashe tsohuwa, bai hana ba, bai yi ihu ba? Akwai rubutu a fim ɗin?"

Na ce akwai.

"Me aka rubuta?"

Na sunkuyar da kai. Bai ƙara tambayata ba, sai ya ce in tashi mu je.

Makullin ɗakin majigin yana hannuna. Muka shiga, na rataya bargo ɗaya, na zura fim ɗin. Da farin rubutun nan ya fito ya ce in tsayar. Ya karanta, sannan ya fassara mini: an sake shirya wannan ɓangaren da 'yan wasa, don a nuna yadda abin ya faru. Muka ci gaba har zuwa ƙaton nan mai sanƙo.

Ya ce, "Ga mai laifin nan. An rubuta yana kurkuku, ɗaurin rai da rai."

Na ce, "Ba alƙali ba ne?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sai da ya dubi fuskata ya daina. Na gaya masa abin da Baba kuku ya faɗa mini. Ya ce, "Labarin gaskiya ne, Baba kuku bai yi ƙarya ba. Amma abin da ba a ɗauka ba lokacin da ya faru, sai a sa mutane su kwaikwaya. Baturenku ɗan wasa ne, ko kuwa ya taɓa yi."

Na tambaye shi ko zai je ya yi wa kafili bayani. Ya ce zai raka ni ya karanta masa rubutun, amma bakin da ya ɗaura shi zai kwance.

Washegari tun kafin a buɗe ofis muna ƙofa, ni da inji a kafaɗa. Na tsaya a gaban kafili na ce shaidar da na bayar ba daidai ba ce, na ga abu ban gane shi ba. Aka haska masa, Likita ya karanta. Kafili ya ajiye carbinsa. Sannan ya zage ni iya son ransa, ya ce saura kaɗan in sa shi jin kunya a gaban hukuma, ya ce da ba don baƙon da na zo da shi ba da a ranar zai sa a kai ni filin jirgi. Ni ma ban ga inda ya yi ƙarya ba. Ya cire ni daga majigi da ƙaramar motar da nake tuƙa, ya mayar da ni tankar ruwa. A kanta na ƙarasa shekara biyun da suka rage mini.

Da aka mayar wa Baturen makullansa na je sito na same shi. Na roƙi Likita ya tsaya ya yi mana tafinta, don ban so kalma ɗaya ta ɓace. Na ce ni ne na fara maganar, ya yafe mini.

 Baturen ya ce tun yana saurayi ya so ya zama ɗan wasa, ya yi shekaru yana nema, wannan aikin na yini guda shi kaɗai ya taɓa samu, shi ya sa ya roƙi a aiko masa da fim ɗin. Ya ce, "Duk duniya ba wanda ya taɓa yarda da wasana sai kai." Ya yi 'yar dariya, ya ce ma'alesh, wato ba komai, ya wuce.

A wurinsa ya wuce. A wurin leburori bai wuce ba. Ni da Baba kuku mun bi su ɗaya bayan ɗaya muna warwarewa, amma wanda ya ji na farkon ba lallai ya ji na biyun ba, wanda ya ji ma sai ya ce Turawa ne suka saye mu. In Baturen ya shigo wuri sai a yi tsit. Akwai waɗanda suka daina karɓar kaya daga hannunsa, sai ya ajiye a ƙasa su ɗauka. Da ya ga haka ya aika wa matarsa kada ta zo. Bayan wata huɗu ya nemi a sallame shi, ya koma ƙasarsu. Wani direban ne ya kai shi filin jirgi, ni ina can ina zuba ruwa a wajen gini.

Sai da na dawo gida, na yi aure, na fara furfura, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Mutane suna tsammani don kasuwa na shiga, ban kuma musa musu ba.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji, kuma ban ƙi ba. Amma ni na gani da idona biyu, ina cikin hankalina, ba ni da wata ƙullalliya da mutumin, duk da haka shaidar zur na bayar. Abin da na koya shi ne ido yana kawo maka hoto ne kawai, ba ya gaya maka abin da ka gani. In abin ya shafi mutuncin wani, ka nemi wanda ya fi ka sani ka tambaye shi tun maganar tana bakinka, don in ta fita, ko ka bi ta da gudu ba za ka kamo ta duka ba.