Ranar da Na Shiga Djougou da Farin Kai

Akwai wata Juma'a ta cikin damina da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Mahaliccina. Ita ce ranar da na shiga garin Djougou da farin kai da farin gemu, ina ɗan shekara talatin da ɗaya, na je zama gaban mutumin da nake so ya ba ni 'yarsa.

Ni haifaffen Parakou ne, a unguwar Guéma aka yanke mini cibiya. Kakanninmu fatake ne, daga arewa suka gangaro suka zauna, mu kuma muka tashi muka tarar da kasuwanci a gida. Sana'ata sarin doya. Nakan je ƙauyukan Kolokondé in saya a hannun manoma, in loda a kamiyo, wato babbar motar kaya, in kawo Parakou.

Ina da shekara ashirin da biyu furfura ta fara fito mini. Da farko 'yan tsilli-tsilli ne a saman kunne, ina tsige su ina dariya. Kafin in cika ashirin da biyar ta ci rabin kaina, ta sauko gemu. Abokaina suka laƙaba mini Dattijo, ina yaƙe kamar abin bai dame ni ba. Amma ranar da wani mai zem, wato ɗan kabu-kabu, wanda na tabbata ya girme ni, ya tsaya gabana ya ce, "Baba, ina za mu?" ranar ko abincin kirki ban ci ba. Yanzu idan na tuna sai in yi dariya, amma a lokacin ji na yi kamar an ƙwace mini ƙuruciyata tun ban more ta ba.

Washegari na nufi unguwar Banikanni. Da gangan na tsallake masu askin unguwarmu na tafi can, inda ba a san ni sosai ba. Mai askin ya dubi kaina ya ce, "Patron, wannan ai ƙaramin aiki ne." Ya kwaɓa wani baƙin rini a 'yar roba, ya shafe mini kai da gemu, bayan rabin awa ya wanke. Na dubi madubi na ga saurayin da na sani ya dawo. Har tukuici na ba shi.

Shekara shida ina wannan zarya, duk bayan mako biyu. Ban lura da yadda abin ya mallake ni ba sai daga baya. Na daina sa fararen kaya saboda wuyan riga. Hadari na haɗuwa zan fara neman rumfa. Hula ba ta barin kaina ko a cikin gida, in na zo shafar kai wajen alwala kuwa, sai ka ce ƙwai nake taɓawa. Duk tafiyar da zan yi sai na lissafa ta da ranar rini.

A Djougou na haɗu da wadda nake neman aurenta. Malamar lekol ce, wato makarantar boko, tana koyar da 'yan aji biyu. Ta zo sayen doya gidan dillalin da nake sauka, ta tsaya tana taya doyata da tsanani har na ce mata ko ita ma 'yar sari ce. Ta ce a'a, ta dai san doyar da ta kwana biyu a rana. Daga wannan musun muka saba. Bayan kamar shekara guda na tura manya. Mahaifina ya rasu tun ina yaro, don haka baffana, ƙanensa, shi ya je. Mahaifinta malami ne, yana karantar da Alƙur'ani a zauren gidansa, mutum mai ƙarancin magana. Ya karɓe su hannu biyu, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike kamar yadda aka saba.

Ana cikin haka sabuwar doya ta fito, na shiga Kolokondé. Kwana uku na yi niyya, sai ruwa ya ɓalle, hanyar daji ta yanke, kamiyo ya kafe a taɓo. Kwana goma sha ɗaya na yi a can, ba mai aski, ba rini. Ranar da aka ciro motar na cire hula ina wanke fuska a bakin rijiya, sai wani mutum ya yi mini sallama. Kawunta ne, ƙanen mahaifiyarta, ya zo sayen dawa. Muka gaisa da fara'a, amma na ga idonsa ya tsaya a kaina. Ƙasan gashin fari fat, samansa baƙi wuluk, gemun ma haka. Na yi sauri na mayar da hular, amma ya riga ya gani.

Kwana biyu da komawata Parakou ta kira ni a waya, muryarta ba yadda na saba ji ba.

"Kawu ya zo wajen Baba," in ji ta. "Ya ce kai ba yaro ba ne, ka ba hamsin baya, rini kake yi. Ya ce mai ɓoye shekarunsa ba mamaki yana da mata da manyan 'ya'ya a Parakou. Baba ya ce a dakata da maganar, sai ya gan ka da idonsa. Juma'a ta uku daga yau."

Na ce, "Ke ma kin yarda da wannan maganar?"

"Ni tun ranar farko na san kana shafawa. Gumi ya gangaro maka baƙi ta bayan kunne muna cinikin doya. Shekarunka ban taɓa shakka ba. Abin da na kasa ganewa shi ne, shekara guda muna tare, ba ka taɓa gaya mini ba."

Abin da nake yi don a ɗauke ni a shekaruna, shi ne ya mayar da ni maƙaryaci a idon mutanen da na fi so su yarda da ni.

Na tarar da Inna, mahaifiyata, a tsakar gida tana tsintar wake. Na zauna kan turmi na kwashe labarin na gaya mata. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta zame ɗankwalinta. Tun tasowata da farin kai na san ta, ban taɓa tambayar kaina tun yaushe ba.

"Kai, dubi nan," ta ce. "Da cikinka kaina ya gama yin fari, ko ashirin da bakwai ban cika ba. Kawunnanka duk haka suke, gadon gidanmu ne. Babanka da furfurar ya gan ni, da ita ya aure ni."

Na ce, "To Inna, yanzu yaya zan yi?"

Ta mayar da ɗankwalin, ta ci gaba da tsintarta. "Kanka ne ai. Shekara shida kana zuwa Banikanni ba ka shawarce ni ba."

Ashe ita ma ta sani. Na fara tunanin ko akwai wanda rinin nan ya taɓa ruɗa ban da ni kaina.

Duk da haka, da gari ya waye ƙafata Banikanni ta kai ni. Na zauna a kujera, mai askin ya ɗauko robarsa ya fara kwaɓawa, warin rinin ya cika shagon. Ina kallon kaina a madubi ina tunanin zauren Malam. In na je da baƙin kai, kawun yana zaune, ya san abin da ya gani. Sai dai in yi ta rantse-rantse a kan abin da ke bayyane a kaina. In kuwa na je da fari, wataƙila su ce maganarsa ta tabbata. Ko ta ina akwai tsoro, amma ɗaya daga ciki ba sai na yi ƙarya ba.

Na ce masa, "Ajiye wannan. Aske shi duka, har gemun."

Ya tsaya da buroshi a hannu. "Patron, neman aure fa ka ce za ka je. Mako uku, fari zai fito tas!"

"Shi nake so ya fito."

Ya girgiza kai, ya ɗauko aska.

Makon farko ya yi mini wuya. Gashin ya fara tsirowa kamar an barbaɗa gishiri. A kasuwa wata tsohuwar mai sayen doyata ta wuce ni ba ta gane ni ba, da ta gane sai ta dafe ƙirji tana tambaya ko ciwo na yi. Abokai suka yi ta tsiya kwana biyu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kafin mako ya zagayo kowa ya koma harkarsa, aka ci gaba da tambayata kuɗin kwaryar doya kamar kullum. Ranar Alhamis ta ƙarshe na bi ta ƙofar shagon nan, har na rage tafiya. Na daɗe ina kallon labulen kafin na wuce. Ba zan ce ban yi sha'awar shiga ba.

Da sassafen Juma'a muka kama hanya ni da baffana. An yi ruwa da asuba, gonakin doya da masara sun yi kore shar a gefen titi, amma ni ba su nake gani ba. Takardar haihuwata na cikin aljihu, ina ta taɓa ta. Baffa ya lura ya ce, "Ka bar takardar nan ta huta, ba guduwa za ta yi ba."

Bayan an sauko daga masallaci aka yi mana iso. Malam na zaune kan buzu, littattafai a gefensa, kawun kuma ya jingina da bango. Muka durƙusa muka gaisa. Da aka gama gaisuwa, ban jira an tambaye ni ba, na sa hannu na cire hulata na ajiye a kan tabarma.

Kawun ya gyara zama. "To, Malam, ga shi nan. Ban faɗa ba?"

Malam bai kalle shi ba, ni yake kallo. "Ɗana, shekarunka nawa?"

"Talatin da ɗaya, Malam."

"Ka taɓa aure?"

"Ban taɓa ba."

Na zaro takardar na miƙa da hannu biyu. Bai karɓa ba, kawun ne ya miƙo hannu. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa yana ƙidaya da yatsu. Baffa ya yi bayanin dangin Inna da yadda furfura ke yi musu sammako. Malam ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "To me ya sa kake rufe ta?"

Na shirya dogayen amsoshi a mota, duk suka gudu. Na ce, "Kunya nake ji, Malam. Ba na so a ce mini tsoho."

Daga cikin gida ana jin ƙarar daka.

"Farin gashi ba aibi ba ne," in ji Malam. "Wanda ya ba ka baƙin, shi ya ba ka farin. Ni ba shi ya dame ni ba. Zan ba mutum amanar 'yata, dole in san ko mai rufe abu ne in ya ji kunya. Da yau ka shigo mini da baƙin kai, da na sallame ka cikin mutunci, magana ta ƙare." Ya ɗan matso. "Akwai wani abin kuma da ka shafa wa baƙi, wanda ya kamata in sani?"

Na ce, "Kamiyon da nake zuwa da shi ba nawa ba ne, haya nake ɗauka. Mutane na cewa motata, ni kuma ban taɓa gyara musu ba."

A nan na fara ganin murmushinsa. "Wannan mun sani. Mai motar ɗalibina ne."

Baffa ya fashe da dariya, kawun ma bai iya riƙewa ba. Ya miƙo mini takardata yana cewa, "Ka yafe ni, samari. Abin da ido ya gani na faɗa." Na ce ba shi da laifi, ko ni ne abin da zan faɗa ke nan.

Malam bai ba mu amsa a ranar ba. Aka kawo mana sakwara da miya muka ci, ya yi mana addu'a, ya ce mu je za mu ji. Da muka fito na hango ta a bakin ƙofar cikin gida. Hular na hannuna, ban mayar ba. Ta daɗe tana kallon kaina, sannan ta ce a hankali, "Sannu da zuwa. Yau na gan ka."

Kwana tara muka yi muna jira, ni kaɗai na san yadda na yi su. A na goma saƙo ya iso Guéma cewa a turo a sa rana. Bayan babbar Salla aka ɗaura aure, kawun nan kuwa shi ya fi kowa kai da kawo a hidimar.

Yau 'ya'yanmu uku. Tun daga waccan ranar baƙin rini bai sake taɓa kaina ba. Wani lokaci da Salla, in uwargidan ta kwaɓa lallenta ya ragu, takan shafa mini a gemu ya yi ja, mu fita kowa na gani, kowa ya san ado ne. Ba na ganin laifin mai yin rini, kowa da abin da ke kwantar masa da hankali, kuma ina da abokai masu yi ba su ɓoyewa. Nawa ne ya zama ciwo, domin tsoro ne ya kai ni, ba sha'awa ba.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, abin da mutum ke ɓoyewa don kunya yakan fi nauyi a ɓoye fiye da a fili. Na yi shekara shida ina gudun kada a ga kaina, ashe masu ƙaunata sun daɗe da gani, jira kawai suke in nuna musu da kaina. Ranar da na nuna kuwa ban rasa kowa ba, har ƙari na samu.