Dajin da Ke Cikin Wayar Sadiku

A Karare aka haife ni, kuma a ɗakin kakata, Inna Delu, na fara sanin cewa duniya tana da faɗi. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, sai ta hura wuta da karan dawa, mu kewaye ta. Tana da wata al'ada: idan labari ya kai mararraba, sai ta dakata.

"To, masu kunnen ƙashi, tudu zai bi ko rafi? Ku zaɓa, ni rakiya na yo."

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ita ce ta makiyayin da tsoron kura ya sa ya ɗaure maraƙinsa a turke har ya zama bijimi. Ranar da igiya ta tsinke, bijimin ya tsaya nan ƙishirwa tana cinsa, domin bai san hanyar mashaya ba. Muka yi dariya, muka ce wawa ne.

Inna ta ce, "Shi ya ɗaure kansa?"

Da na yi zurfi a karatu, sai na ɗauki tatsuniya abin da bai dace da malami ba. Ban taɓa ba jikokina ko ɗaya ba.

Yau muna zaune cikin garin Batsari, rashin tsaro ya hana yara zuwa ko bayan gari. Bara na tarar da jikana Sadiku da abokansa sun duƙufa kan waya, suna irin wasan nan da ya cika gari, wanda mutum ke hawa doki ya ratsa dazuzzuka da koguna, ya nufi duk inda ya ga dama. Ba lokacin salla ba ne, ba kuma na karatu ba. Duk da haka na fizge wayar, na kira shi malalaci gaban abokansa.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kaka, nan ne kaɗai ake bari in je daji."

A nan na gane wanda Inna take nufi, bayan shekaru sittin.

Da aka kwana uku na mayar masa da wayar, na ce ya nuna mini kogin. Ya ce ya goge wasan.

Yaron da ke tsokanata, yana cewa na tsufa, in sakar masa kakarsa ya aura, yanzu durƙusawa yake yi ya ce, "Allah gafarta Malam." Na nemi gafarar Ubangiji, wannan na san yadda ake yinsa. Neman afuwar ɗan shekara goma sha biyu ne har yau bakina ya kasa.