Kawu Haladu da Ƙafar 'Yar Japan

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Haladu a Alƙahira ya san kujerar gaba ta Gwaggo ce. Gwaggo kuwa kalangun da ya gada wurin mahaifinsa ne, ya raɗa masa wannan suna don wai ya girme shi. Maigidan da yake tuƙawa, wani Alhaji babba a ofishin jakadanci, shi ma a baya yake zama, yana ɗauka girma ake ba shi.

Na sauka gidansa a 1982, ni 'yar ƙanwarsa, na zo karatun haɗa magunguna a Giza. Sanyin farko ya kusa kashe ni. Bargo mai kauri ɗaya ne a gidan, kuma yana jikin Gwaggo. Na ce, “Kawu, haƙorana fa haɗuwa suke yi.”

“Ke ai kina da jini, Talatu. Ita baiwar Allah fata ce zalla.”

Kun san maganarsa, wadda ya ishe mu da ita: kiɗa bawan ƙafa ne. Sai ƙafa ta taɓa ƙasa gula take taɓa fata, haka ubansa ya koya masa. Wata rana mai gadin gidanmu, wani Bamisire mai tumbi, ya roƙe shi ya ɗan buga masa. Kawu ya ce, “Ina ƙafa?” Mutumin ya ce gwiwa ke damunsa. “Ma'alish, yi haƙuri, ita ma Gwaggo yau murya ke damunta.” Wallahi sai da dattijon nan ya tattare jallabiya ya yi tsalle uku a bakin ƙofa kafin ya ji kalangu.

To, sai ga Usman, wani Bahaushen Sudan mai busa saksafon, algaitar nan ta Turawa, ya zo da magana. Za su yi wasa a wani ƙaramin zaure a unguwar Zamalek: kiɗan jaz, wanda kowa ke buga abin da ya zo masa, da wata mai rawa daga Japan. Suna son Kawu ya buga musu kalangu, ba gwaji, ba shiri. Kawu bai tambayi komai ba sai, “Tana da ƙafa?” Aka ce biyu ma. Ya ce khalas, magana ta ƙare.

Alhaji da ya ji, ransa ya ɓaci, don manyan baƙi za su je. “Haladu, in ka kunyata mu a gaban mutane, ka haɗa kayanka, kai da Gwaggon taka.” Shekara goma sha biyu Kawu yana wannan aiki, kuma da shi yake riƙe da gida biyu a Gusau. 

Ranar, bayan la'asar, matar ta fito ta shafe jikinta da farin gari kamar wadda ta dawo daga injin niƙa. Usman ya fara busa. Ta ɗaga ƙafar dama a hankali, a hankali, ta bar ta a sama. Kawu ya ɗaga gula, shi ma ya bar ta a sama.

Jama'a! Minti ɗaya, minti biyu. Usman yana busa yana zare masa ido. Mutane suka fara tari. Alhaji ya cire hula ya share gumi ya mayar. Ina layin gaba, na ce ƙasa-ƙasa, “Kawu, buga mana, don Allah!” Ko kallo ban ishe shi ba, idonsa na kan diddigen matar.

Sai ƙafar ta sauka. Dim! Bugu ɗaya, ya matse tsarkiyar kalangun, Gwaggo ta yi wani nishi da na ji har cikin haƙarƙarina.

Matar ta juyo da kai ta dube shi, ta gane. Daga nan ta shiga gwada shi: ta kawo ƙafa dab da ƙasa ta tsaya, shi ma ya tsaya. Ta yi kamar za ta taka, ta fasa, bai ruɗu ba. Usman ya rage busa ya koma bin su. Tari ya ɗauke, zaure duka ya koma kallon ƙafa ɗaya. Da ta yi takun ƙarshe mutane suka miƙe tsaye, ni kuwa ina tafi ina kuka, ina gaya wa Bamisiriyar da ke kusa da ni, “Kawuna ne! Yayan uwata ne!”

Matar ta zo ta rusuna masa har ƙasa. Ya ce, “Ba ni ba, ga Gwaggo.” Ta sake rusuna wa kalangu.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Can Alhaji ya ce, “Haladu, duk wunin nan bugu nawa ka yi?”

“Goma sha ɗaya, ranka ya daɗe.”

“Goma sha ɗaya kacal?”

“Taku goma sha ɗaya ta yi. In ƙara mata ƙafa?”

Alhaji ya yi dariya har ya shaƙe. Ba a sake maganar haɗa kaya ba.

A ciwon Kawu na ƙarshe a Gusau, baki ya riga ya rufe. Na shiga ɗakin da kwanon kunu, sai na ga yatsansa yana buga gefen gado, ɗaya bayan ɗaya, daidai da takuna. Na tsaya, ya tsaya. Na taka, ya buga.

Allah ya jiƙan Kawu Haladu. Yadda ya yi haƙuri da ƙafafun mutane, Allah ya tabbatar da tasa a kan siraɗi. Amin.