Amanar Rosa

Duk wanda ya zauna Birnin Kudu kafin yaƙin basasa ya san Kubra mai ƙosai, 'yar Fagam da aure ya kawo gari. Mace ce mai baki, ko mijinta Malam Hambali lallaɓa ta yake yi. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi wa tsawa ba: Rosa, wata 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da manja kusa da ita a tasha.

Rosa 'yar Katolika ce, tana da wani ɗan mutum-mutumi na tangaran wanda bai fi tafin hannu ba, siffar yarinya a durƙushe, ido a sama. Ta ce waliyyiyarsu ce, 'yar talakawa a ƙasar Turawa, wadda ta je itace ta ga wata mata cikin fararen kaya a bakin kogo. Aka ƙaryata ta, aka yi mata ba'a, amma ba ta sauya magana ba har ciwo ya kashe ta da ƙuruciyarta. Kubra takan ce, "Ke dai Rosa, Allah ya shirye ki." Amma labarin yakan tsaya mata a rai.

Da rikicin 1966 ya ɓarke, Rosa ta faɗo gidan Kubra da rana tsaka, mota na jiranta. Ta danƙa wa Kubra abin a ƙunshe cikin tsumma.

"Na uwata ne, zai fashe a hanya. Amana, Kubra. Zan dawo."

Kubra ta karɓa tun kafin ta yi tunani. Malam Hambali na gani ya ɓata rai.

"Gunki a gidana? Mala'iku ba sa shiga inda yake. Fitar da shi."

"Malam, amana ce fa."

Shi ma ya san nauyin kalmar. Ajiyewa a ɗaki ba dama, zubarwa kuma cin amana. Sai ta kai shi duwatsun bayan gari, ta cusa a wata tsaga, ta toshe da dutse. Duk sanda ta je itace takan leƙa, ta ga 'yar farar fuskar nan a cikin duhu, ta mayar da dutsen tana istigfari.

Yaƙi ya ƙare, Ibo suka fara dawowa, ba Rosa. Kuɗin man fetur suka shigo, wani kamfanin titi ya zo yana fasa duwatsu don tsakuwa. A lokacin Kubra tana Fagam tana jinyar mahaifiyarta. Da ta dawo, babu dutsen, sai rami da sabuwar kwalta shimfiɗe.

Daga nan bakinta ya mutu. Ba ta ƙara taka kwalta ba sai dole, gefe take bi cikin ƙaya, mutane suna cewa tsufa ya zo da rigima. Wani lokaci, in rana ta take, sai ta hango yarinya durƙushe can a tsakiyar titi, ta tsaya kallo har ƙosai ya ƙone. Duk macen Ibo da ta sauko daga mota, sai Kubra ta ƙura mata ido, tana fatan ita ce, tana tsoron kada ya zama ita ce. Abin tausayi, har ta mutu ba ta san wanne ta fi so ba.

Wasiyya ɗaya ta bar wa ɗanta Hadi. Ranar jana'iza, da liman ya tambaya ko akwai mai haƙƙi a kan mamaciya, Hadi ya matso.

"Malam, ta ce a faɗa akwai amanar wata mata Rosa a wuyanta, ta salwanta. Tana roƙon a yafe mata."

Liman ya juya ya dubi sahu. "Akwai wani na Rosa a nan?"

Ya jira, ya sake tambaya. Babu wanda ya amsa. Sai ya fuskanci alƙibla ya yi kabbara.