Farfelar akori-kurar Baba

Shekarar da idon Baba ya dushe, tsohuwar akori-kurarsa ta zama abin gardama a gidanmu na Gwarzo. Yayana ya ce a kira 'yan gwangwan su yanka ta. Ranar Baba ko tuwo bai taɓa ba.

Ciwon nata a farfela yake, doguwar sandar ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota tana juya tayoyin baya. Na lallaɓa Yaya muka kwance ta don mu sake mata gaɓa. Bututu biyu ne masu haƙora, ɗaya cikin ɗaya, kuma Baba ya ja mana kunne mu yi alama kafin mu raba su. Babu alli a gidan. Yaya, sarkin dabara, ya dangwalo ƙullun kokon Inna ya ja layi. Muka tafi Azahar, muka dawo akuyoyi sun lashe ƙarfen tas.

Muka harhaɗa ta da ka. A hanyar Kabo motar ta dinga karkarwa har haƙorana na haɗuwa. Haushi ya kama ni, amma mamaki ya fi yawa. Ƙarfen nan ne, notunan nan ne, to me ya sauya?

"Ka gani ko?" in ji Yaya. "Ta gama yawo."

Baba ya ce a sa shi a gaba, a ɗora masa kwanon sha cike da ruwa a cinya. In ruwan ya fantsalo masa a riga, sai mu tsaya gindin bishiya, in shige ƙasa in zare bututun, in matsar da haƙori ɗaya. Ya ce kunnuwan gaɓa ta gaba da ta baya sai sun kalli wuri guda, in ba haka ba kowace rawarta take yi. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Sai wajen Masanawa ruwan ya kwanta.

Na ɗauka mun tsira da ita. Ashe da labarin gyaran ya bazu, wani manomi daga Getso ya zo taya ta, Yaya ya sallama. Na tashi zan yi masifa, Baba ya riƙe min hannu yana sauraren ƙugin injin har ta sha kwana.

"Rabu da shi," ya ce. "Ni dai ba na so a fitar da ita gunduwa-gunduwa ne. Da ƙafarta ta fita."