Sunan da Ba a Faɗa a Pantami

A inuwar darbejiya kusa da filin wasa na Pantami, wani dattijo yana karanta wa abokansa sha'irai sabuwar waƙarsa. Riga ta yi masa yawa, hannun damansa yana kwance a cinya. Ga alama doguwar jinya ce ta raba shi da alƙalami. Da ya ambaci masu tayar da bama-bamai da sunansu, sai abokan suka fara waige-waige.

"Allah ya ƙara sauƙi, Malam," in ji ɗayansu ƙasa-ƙasa. "Amma tun kana kwance muka koma cewa 'yaran nan'."

"Ai sai ƙafiyar waƙar ta karye," in ji dattijon, ya maimaita baitin.

A bencin mai shayi, wani mutum ya daina juya cokali, yana kallonsa.