Makullin da na ƙi karɓa a Manchester

Shekarun baya, zamanin da gwamnatin nan Ingila ta tsuke bakin aljihu, an taɓa miƙo mini makulli guda a bakin filin gwanjon motoci a Manchester, na tsaya ina lissafi kamar mai taya kaya. In na karɓa, na saka takardar neman fasfon ƙasar nan da na shigar a caca, da sunana da bai taɓa zuwa gaban 'yan sanda ba, da sana'ar da ba ta tafiya sai da wannan sunan. In na ƙi, mutum ɗaya zan iya rasawa: abokina, wanda a ɗakinsa na sauka ranar da na fara taka Ingila. Rasa shi ɗin nake tsoro.

Ni sana'ata sayen tsofaffin motoci da firji da injin wanki, in cika kwantena in tura gida. Gidana a Sparkbrook, rumbun kayana a Aston. Shi kuma injiniya ne, yana Handsworth da iyalinsa, duk unguwanni ne a gari ɗaya, tafiyar kamar awa biyu daga Manchester. Turawan wurin aikinsu ne suka fara jan sa wani fili a bayan gari, inda inji ke cilla faifan yumɓu sama ana harbi. Abin ya shiga ransa, har ya nemi lasisi ya sayi bindigar farauta mai baki biyu. Masu yawan tambayata batun ƙaramar bindiga ta hannu, ku ajiye wannan: a nan irinmu ba ya mallakar ta, ko a akwatin zinare zai kulle ta. Doguwar ma sai an sha tambayoyi.

Da bakinsa ya ba ni labarin sharuɗɗan, muna shan shayi a falonsa. Ya ce ɗan sanda ya zo har gida, ya kama akwatin ƙarfen da aka ɗaure da bango ya girgiza, ya ga ko zai motsa. Ɗan sandan ya gaya masa makullin nasa ne shi kaɗai, ko uwargida kada ta san inda yake kwana, kuma duk wanda ba shi da lasisi in makulli ya shiga hannunsa, kamar bindigar ce ta shiga. Ya ce da a ce ya furta cewa don tsaron gida yake so, da nan take zancen ya mutu. Na ce masa bindigar da ba ta gadin gida ai taɓarya ta fi ta amfani. Muka yi dariya, aka wuce.

Ranar da abin ya faru ina Manchester ina taya wata tsohuwar bas, sai ga wayarsa. Mahaifinsa ya rasu a Kano da safe, har an kai shi. Ya samu jirgin yamma daga Manchester ɗin, kuma yana so ya gan ni kafin ya wuce. Na bar bas ɗin wani ya saye, na fito bakin ƙofa. Tasi ta ajiye shi, muka yi musabaha, na yi masa ta'aziyya, muka ɗaga hannu muka yi wa mamacin addu'a a tsaye. Sannan ya zaro ɗan makulli daga aljihun gaba ya miƙo.

"Riƙe min wannan. Amana."

Na tambaye shi ko na mota ne. Ya ce na akwatin ne.

Ya yi bayani a gaggauce. An fasa gidaje a layinsu kwanan nan, 'yan sanda kuma an rage su, ka kira yau su zo gobe. Uwargida da yara su kaɗai zai bari. In ta kira ni, in je in buɗe. Ba sai na harba ba, ganinta ma ya isa. Ban da haka rai a hannun Allah yake, matafiyi ba ya tafiya da makullin abin da ya bari.

Ba wannan ne karon farko da na riƙe masa amana ba. Na ajiye gwal ɗin matarsa, na ajiye takardun filinsa, har surukarsa na taɓa riƙewa wata guda, kuma wannan ta fi sauran nauyi. A wurinmu matafiyi ba ya miƙo amana ka noƙe hannu, balle wanda aka binne ubansa ɗazu. Amma kuma na dubi kaina. Ni da ragon layya ma sai an kama mini ƙafafu huɗu, ni ne zan keto cunkoson titin Stratford Road in je Handsworth in yi jarumta? Kafin in isa ɓarawon ya sha shayi ya wanke kofi. In kuma na isa da wuri, abin ya fi muni. Doka ta yarda mutum ya kare kansa gwargwadon abin da ya tunkaro shi, amma ɗaukar bindigar da ba taka ba shari'a ce daban, kuma ba ta sauraron cewa amana aka ba ka.

Na ce, "Mutumina, mayar da shi aljihunka. Kai da kanka ka karanta min dokar nan."

"Yau za ka tuna min doka? Yau ɗin nan?"

Na ce masa iyalinsa su dawo gidana har ya dawo, akwai ɗaki. In ba haka ba, zan kai kafinta ya sake ƙofar baya, in sa fitila a tsakar gida, in riƙa leƙa su kullum. Na ce in aka ga makullin nan a hannuna ba ni kaɗai zan sha ba, shi ma lasisin ya tafi, wataƙila har aikin.

"Duk na ji," in ji shi. "Amma abu ɗaya na roƙe ka."

"Shi ɗin ne ba zan iya ba."

Ya buɗe jakar fasfonsa ya jefa makullin ciki. Na ce bari in kai shi filin jirgi, ya ce mai tasi yana jira. Da zai shiga ya ce, "Allah ya ba da kasuwa, Alhaji." Tunda muke bai taɓa kirana Alhaji ba, da wani sunan tsokana na makaranta yake kirana, ko a gaban 'ya'yana.

Abin da na ce zan yi na yi. Kafinta ya sake ƙofa, aka sa fitila, maiɗakina tana kai musu tuwo, ni kuma ina biyawa in na taso daga rumbu. Da na ba maiɗakin nawa labarin yadda muka yi, cewa ta yi da na karɓa na jefa a durowa, wa zai sani? Na ce ni zan sani, kuma ranar da aka kira ni dole in zaɓa. Ta ce ni dai komai sai na mayar da shi ciniki.

Ɓarawo bai zo ba. Ɗan sanda ma bai leƙo duba akwati ba. Babu abin da ya faru da zan nuna in ce ka gani. Da ya dawo na je yi masa sannu da zuwa, ya yi godiya cikakkiya, irin wadda ake yi wa maƙwabci mai kirki. Sannan ya tambayi kuɗin kafinta. Na ce haba, ya ce a'a, haƙƙi ne, ya saka a aljihun rigata da hannunsa. Wani dattijo a masallacinmu ya so ya zaunar da mu, abokina ya ce masa ai babu faɗa, me za a sasanta?

Yanzu da na natsu, na san ba makulli ya miƙo mini ba a ranar. Mutum ne da ubansa ya mutu yana nesa, yana so ya ji cewa in an taɓa gidansa akwai wanda ba zai tsaya lissafi ba. Ni kuma na tsaya, don da lissafin na ci abinci a ƙasar nan. Har gobe ina ganin amsata daidai ce. Abin da na kasa shi ne samo hanyar faɗinta da ba za ta yi masa kama da rufe ƙofa ba, kuma na sha juya zancen ban samo ba.

Fasfo ya fito, kwantena na tafiya, sunana yana nan fes. Shi kuma da yaransa suka tasa ya sayar da bindigar, ya cire akwatin daga bango. Muna gaisawa ranar Juma'a, muna aika wa juna naman Sallah. Da ya tashi aurar da 'yarsa ta fari, wadda ni na yanka ragon sunanta, kati aka aiko mini kamar kowa, na zauna a sahun baƙi wani yana karɓar mata sadaki. Da za a sake miƙo mini makullin nan, zan sake ƙi. Amma a duk cinikin da na yi a Ingila, babu wanda na biya da tsada kamarsa.